Sarauniya a gaban ƴan aji shida: nazari a kan yadda ake ba yara labarin ta'asar 1899

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji shida (CM2) a Ƙonni, ko Tasawa, ko Dogon Dutsi, ya san akwai wani darasin tarihi da ya sha bamban da sauran. Shi ne darasin shigowar Nasara, musamman wucewar ayarin kaftin Voulet da kaftin Chanoine a shekarar 1899. In ana zancen Sonni Ali ko Idris Aloma, yaro yana sauraren labarin mutanen nesa ne. A nan kuwa, garin da aka ƙone garinsu ne, rijiyar da ake cewa an zuba gawawwaki a ciki tana iya kasancewa kan hanyarsa ta zuwa lakwal, sa'an nan mai yiwuwa kakarsa ta riga ta tsegunta masa wani abu da dare, ba tare da ta ƙarasa ba.

Malamai da iyaye da yawa, in sun rasa ta inda za su ɓullo wa zancen, sai su jingina da Sarauniya, watau littafin da Abdoulaye Mamani ya wallafa cikin Faransanci a 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya ɗauko daga gare shi a 1986. Ba don yara aka yi ko ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu ba, amma ta hanyarsu ne labarin ya fi isa kunnen yara. Saboda haka muka ga ya dace a auna su da wannan ma'auni. Ra'ayinmu, tun daga farko, shi ne: abin da ake rage wa yaro gwargwadon shekarunsa shi ne siffar azaba, watau yadda aka yanka da yadda aka rataye. Abubuwa uku kuwa ba a rage su ko ga ɗan shekara 8: wa ya aikata, wa aka yi wa, kuma don me. Za mu ga cewa Sarauniya tana taimakon malami ƙwarai a wani gefe, tana kuma yi masa ƙafar ungulu a wani.

Abin da ya faru

Gwamnatin Faransa ce ta tura ayarin, da umurnin ya isa tafkin Cadi ya haɗu da wasu ayari biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango. Ya bar bakin Kwara, wajen Sayi, a watan Janairu na 1899. Turawan cikinsa ba su kai 10 ba; sauran sojoji ne baƙar fata, da ƴan dako ɗaruruwa da aka kamo da ƙarfi, yawancinsu daga ƙasar Mosi, da mata da aka riƙa ƙwacewa a hanya. An ba ayarin guzuri kaɗan, an bar shi ya ci daga abin da ya tarar. Garin da ya ƙi ba da hatsi ko ƴan jagora, ko ya gudu ya bar rijiya a toshe, sai a sa masa wuta. A watan Afirilu aka yi faɗan Lugu, garin Sarauniya, a ƙasar Arewa. A watan Mayu aka faɗa wa Birnin Ƙonni, inda aka yi kisa mafi muni na duk tafiyar. Wani laftana mai suna Peteau, da ya rabu da ayarin tun da wuri, ya rubuta wasiƙa a kan abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun hukuma a Paris, sai aka turo kanar Klobb ya bi sawu. Klobb bai sha wahalar neman hanya ba, toka da gawa suka yi masa jagora. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu zuwa uku, sojojin ayarin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine, sa'an nan Voulet, a wajen Mai Jirgi. Ayarin bai watse ba: a ƙarshen watan ya ci Damagaram, a 1900 kuma wani sashe nasa ya shiga yaƙin Kusuri inda aka kashe Rabe.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce wadda aka fi mantawa, za mu komo gare ta.

Batun suna

Kafin a shiga aji, sai malami ya san kalmar da zai yi amfani da ita. Hausa tana da «kisan kiyashi», watau kashe mutane da yawa ba zaɓe, kamar yadda ake murje ƙananan tururuwa. Tana kuma da «kisan ƙare dangi», wadda gidajen rediyo suka yaɗa don fassara génocide, kalmar da lauya Raphael Lemkin ya ƙirƙira a 1944, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ba ta ma'anar shari'a a 1948: nufin shafe wata al'umma saboda asalinta, ko launinta, ko addininta. Abin da aka yi wa Yahudawa a Turai, da Tutsi a Ruwanda a 1994, da Herero da Nama a Namibiya daga 1904, shi ne wannan. Abin da aka yi a Ƙonni, a ganinmu, kisan kiyashi ne na yaƙin mamaya: an kashe don a tsorata, a ƙwace, a wuce. Faɗin haka ba ya rage wa mamatan Ƙonni komi. Amfaninsa ga yaro shi ne ya koyi tun da wuri cewa kalmomin nan suna da nauyi, ba a jefa su don fushi. Yaron da aka koya wa kiran kowane kisa «ƙare dangi», ran da zai ji labarin Kigali ba shi da sauran kalma.

Abin da Sarauniya take bayarwa

Mu fara da alherin littafin, don yana da shi. Rahotannin sojan Faransa layi kaɗan suka ba matar Lugu, kuma da sunan mayya suka ambace ta. Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya ɗauki waɗannan layuka da abin da ya ji a bakin mutane, ya gina mace mai ƙuruciya, mai uban goyo (Dawa) da ya koya mata baka da kibiya da sanin itatuwa, mai fushi, mai ƙauna. Ga yaro wannan babban abu ne. Yaro ba ya iya riƙe «dubban mutane» a zuciyarsa, amma yana iya riƙe mutum ɗaya. Bugu da ƙari, labarin ta'asa da babu kowa a cikinsa sai mai yanka da wanda ake yankawa yana barin yaro da abu ɗaya daga cikin biyu: ko tsoro, ko kunyar kakanninsa. Sarauniya tana ba shi wurin tsayawa. Yarinya ƴar shekara 11 da ta ji cewa mace ce ta ƙi buɗe ƙofar garinta, ta fita aji da kai a sama. Ba ƙaramin aiki ba ne marubuci ya yi wa ƙasa wannan, kuma kyautar Étalon de Yennenga da fim ɗin ya ci a bikin FESPACO na Wagadugu a 1987 ta ƙara kai sunan nesa.

Sai dai kowace jaruma tana da inuwa, kuma a inuwar Sarauniya mutanen Ƙonni suke. Faɗan Lugu na yini ɗaya ne. Mutanen garin suka janye cikin kurmi, ayarin ya ƙone abin da ya samu ya wuce. Makonni kaɗan bayan haka aka yi na Ƙonni. In aka tambayi ƴan koleji goma abin da suka sani a kan 1899, a gwajin da mu dai muka sha yi, kusan dukansu Sarauniya za su ambata, ɗaya ko biyu ne za su ce Ƙonni, su ma galibi ƴan can ne. Labarin ya juye ya zama na nasara, alhali abin da ya faru a ƙasa ci ne da yaƙi. Yaron da ya tashi da wannan, in ya girma ya gano cewa ayarin ya isa inda aka aike shi, sai ya ji an yaudare shi, ya fara shakkar har abin da yake gaskiya ne a cikin darasin.

Akwai wata matsala ta biyu, wadda ta shafi Hausa kai tsaye. Yaronmu ya san iri biyu na zance tun kafin ya shiga lakwal. Akwai tatsuniya, ko gatana kamar yadda mutanen yamma suke cewa, wadda ake buɗewa da «ga ta nan, ga ta nanku», a rufe da «ƙurunƙus». A cikinta Dodo yana haɗiye gari guda, kowa ya yi dariya ya kwanta, don an san ƙarya ce. Akwai kuma labari, wanda ake cewa ya faru. Littafin Mamani, tun daga ƙaramin sunansa da ya kira ta sarauniya mai sihiri, yana tafiya ne a kan iyakar nan biyu, kuma ga babba daɗinsa ke nan. Ga yaro kuwa, da zarar an ce masa ta rikiɗa ta zama damisa, ko asirinta ne ya haukatar da Nasara, ya riga ya ajiye dukan zancen a kwandon Gizo da Ƙoƙi. Voulet ya zama Dodo. Dodo kuwa ba a tambayar wa ya aiko shi, ko wa ya biya shi albashi. Ba muna cewa a ɓoye wa yaro abin da mutanen Lugu suka gaskata ba. A faɗa masa, amma a ce «mutane suna cewa», a raba shi da «an rubuta, an gani, an ƙidaya». Yaran aji shida sun isa su gane wannan bambanci, har suna jin daɗin a ba su aikin rarrabewa.

Hauka

Abin mamaki, asirin Sarauniya da bayanin da hukumar Faransa ta bayar suna haɗuwa wuri ɗaya. A Paris an ce zafin rana da kaɗaici ne suka taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu, har aka ba ciwon suna, soudanite, aka rufe bincike ba tare da an hukunta kowa ba. Mahaifin Chanoine janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Abin da ya girgiza jaridun Faransa a lokacin shi ne hafsa ya harbe na gaba da shi. Ko littafin da Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin ayarin, ya rubuta daga baya, sunan Dankori ya ɗauka, watau inda Bature ya faɗi. To, in malami ya ce wa yara «mahaukata ne», ko don ya sauƙaƙa musu, bayanin ma'aikatar yaƙi yake maimaitawa da bakinsa.

Mun san dalilin da ya sa ake faɗin haka. Yaro yakan tambaya «don me?», kuma «hauka» amsa ce gajeriya mai kwantar da hankali: mahaukaci ɗaya ne, ya mutu, shi ke nan. Amma amsar gaskiya ma ba ta fi ƙarfin yaro ba. Ana iya ce masa: ƙasarsu tana tsere da Ingila wajen kama ƙasashe, an turo su da bindigogi da yawa da abinci kaɗan, kuma an koya musu cewa ran baƙin mutum bai kai nasu ba. Ɗan shekara 10 da ya san kasuwa, ya san rabon gona, ya san raini, zai fahimci waɗannan uku. A nan fim ɗin Hondo ya fi littattafan aji da yawa gaskiya, don ya ɓata lokaci mai tsawo a sansanin Turawa, yana nuna su suna lissafin girma da lambar yabo. Illa dai ɗan wasan yana kai Voulet ga ihu da zare ido, har ƙaramin mai kallo ya koma ga fassarar hauka ɗin da aka so a kauce wa.

Wa ya riƙe bindiga?

Wata shekara mun nuna wani yanki na fim ɗin ga ƴan ajin farko na wata koleji. Da aka kunna fitila, wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce: «Mushe, ai masu harbin baƙaƙe ne.» Ajin ya yi tsit. Mun yarda ba mu shirya wa wannan tambaya ba, kuma amsar da muka bayar ran nan, cewa tilasta musu aka yi, rabin gaskiya ce kawai. An tilasta wa ƴan dako, waɗanda aka ɗaure da igiya a wuya, da yawansu suka mutu a hanya. Cikin sojoji kuwa akwai wanda ya shiga don albashi, da ganima, da bayi da mata da ake raba musu. Su ne kuma daga baya suka harbe hafsoshin, lokacin da Voulet ya ce ya bar Faransa zai kafa daularsa, suka ga ba za su sake ganin gida ba.

Wannan shi ne wuri mafi wuya a darasin, kuma shi ne mafi amfani. In aka tsallake shi, yaro zai fita da cewa mugunta launin fata ce, wanda shi ne ainihin tunanin da ya halatta wa Voulet abin da ya yi, an dai juya shi ne. In aka shiga shi ba da hankali ba, sai a buɗe wata ƙofar: sojojin daga yamma suka zo, Bambara da wasunsu, kuma a aji akwai ɗan da iyayensa suka fito daga can. Haka nan littafin da fim ɗin sun nuna sarakunan Musulmi da malamansu suna ƙin Sarauniya don ba ta sallah, wasu har suna murnar zuwan Nasara a kanta. Mamani yana da hujjarsa ta siyasa, yana sukar rarrabuwar kai ne. Amma a aji da kusan kowa Musulmi ne, mai yiwuwa kuma akwai jikan Azna ɗaya ko biyu da ake yi wa dariya a filin wasa, malami bai isa ya bar wannan ya wuce ba sharhi ba. Ya kamata ya tuna wa yara cewa Ƙonni da aka ƙone ƙarƙashin Sakkwato take, Damagaram da aka ci birnin Musulunci ne, ayarin bai tambayi kowa alƙiblarsa ba. Ka'idar da muke ba ɗalibanmu masu shirin koyarwa ita ce a riƙa kiran mutum da sunansa ko da aikinsa, «Voulet», «sojojin ayarin», «gwamnatin Faransa ta lokacin», a guji «Turawa» da «Bambara» da «Fulani» a dunƙule.

Shekaru da abin da ido zai gani

Fim ɗin, mu faɗa a fili, bai dace da ƴan firamare ba in ba a yanka shi ba. Akwai wuta, da harbin mutanen da ba su da makami, da cin zarafin mata. Abin da kunne ya ji daga bakin wanda yaro ya amince da shi, yaro yana iya tsayar da shi da tambaya. Abin da ido ya gani a duhu yana bin sa har shimfiɗa. Haka kuma abin da Klobb ya rubuta ya tarar a Koran Kalgo, game da ƴan mata ƙanana, zance ne na lise. Ga ɗan aji uku ya isa a ce: sojoji sun zo, sun ƙone garuruwa, sun kashe mutane da yawa har da yara, mutane sun gudu, wasu sun yi faɗa, daga baya aka dawo aka sake gini. In ya tambaya «za su dawo?», a amsa masa wannan tambayar kafin kowace, don ita ce take cin sa.

Wasu ƙasashe sun riga mu tuntuɓe a nan. A 2008 shugaban Faransa Nicolas Sarkozy ya ba da shawarar a ɗora wa kowane ɗan CM2 amanar tunawa da yaro ɗaya daga cikin yaran Yahudawa kimanin 11,000 da aka kwashe daga Faransa aka hallaka. Simone Veil, wadda ita kanta ta fito daga Auschwitz, ta ƙi, tana ganin ba a ɗora wa ɗan shekara 10 gawar tsaransa. Aka janye shawarar yadda aka kawo ta. Gidan tarihin Yad Vashem a Ƙudus ba ya shigar da yaran da ba su kai shekara 10 ba. Ruwanda kuwa ta dakatar da koyar da tarihin ƙasar a makarantu fiye da shekara 10 bayan 1994, don an rasa yadda za a faɗe shi ga aji da ya haɗa ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ya kashe. Shirun bai hana yara ji ba, a gida suka ji, kowa da irin nasa.

Amma akwai abin da Kigali ta yi da ya tsaya mana a rai. A wurin tunawa na Gisozi, da aka buɗe a 2004, akwai ɗaki na yara: hoton kowane yaro, sunansa, shekarunsa, abincin da ya fi so, wasan da ya fi so, sa'an nan a ƙasa yadda ya mutu. In aka rufe layin ƙarshe, sauran duka ana iya karanta wa ɗan shekara 8, kuma ya isa ya gane abin da aka rasa. Watau ana fara wa yaro da rayuwa, mutuwar ta zo daga baya gwargwadon ƙarfinsa.

Mu ba mu da hotuna, kuma a nan ne gibin Sarauniya ya fi fitowa. A Mai Jirgi kaburburan Voulet da Chanoine suna nan, an san na wane da na wane. Na Ƙonni, ɗaruruwa ne ko dubbai gwargwadon mai ba da labari, babu takardar da ta riƙe sunan ko ɗaya. Fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin (2020) ya bi hanyar ayarin ya saurari jikoki, ya nuna cewa zancen bai mutu a gidaje ba. Sai dai shi ma idon baƙo ne, matashi ɗan Ingila, yake jan mai kallo, kuma na manya ne.

Abin da ya rage aiki ne da sashenmu zai iya, ba sai da kuɗi mai yawa ba. A garuruwan da ke kan hanyar, daga Matankari zuwa Tasawa, akwai tsofaffi da kakanninsu suka ga abin, kuma sun san wace unguwa ce ta tashi, wane gida ne ya koma wani gari bai dawo ba, wace sana'a ake yi a kasuwar kafin wutar. Ɗalibai biyu da na'urar ɗaukar murya, hutun damana ɗaya, za su iya tara abin da zai cika ɗan littafi mai shafi 30 cikin Hausa, da fassarar Faransanci a gefe, wanda zai buɗe da Ƙonni ana rini da saƙa da cin kasuwa, kafin a ji ƙarar bindiga. Sarauniya za ta samu babinta a ciki, na uku ko na huɗu. Tsofaffin da muke nufi, mafi ƙuruciyarsu ya haura 80.